Fenti a Kan Noti

A Jimeta ba ka rasa gwanin ɗaure noti. Ka ajiye babbar mota a bakin hanya ka cire taya, kafin ka share gumi mutane sun kewaye ka, kowa da fatawarsa. Mai shayi ya sani, mai rake ya sani, har wanda ko keke bai taɓa mallaka ba zai gaya maka notinka bai ɗauru ba. Ilimin nasu kuwa duka bai wuce magana ɗaya ba: ƙara masa. Ƙara masa, ƙara masa, har sai ƙarfe ya yi kuka. A wurinsu noti jaki ne, ba ya ji sai da duka. Na daɗe ina tuƙa mota mai taya goma a cikin mutanen nan, kuma har gobe in na ji ana ihun nan a gareji sai raina ya ɓaci, domin yana tuna mini da surukina da ranar da na mai da shi gida.

Surukina ɗan kasuwar wake da masara ne a wani gari can gaba da Hong, a gindin duwatsu. Yana da manyan motoci, amma bai taɓa zama a bayan sitiyari ba, ko sau ɗaya. Ni nake jan ɗaya daga ciki, kuma ni na auri babbar 'yarsa, muna zaune a Jambutu. Ranar da masu tayar da ƙayar baya suka shiga garinsu, ina Jimeta da motar ina jiran lodin siminti. Abin da ya tsirar da ita ke nan. Sauran kuwa, waɗanda ba a ƙona ba an tafi da su. Shi kansa da ƙafa ya fito, ta cikin gonaki da bayan duwatsu, yana kwana inda rana ta faɗi masa. Da ya iso ƙofar gidana ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Ba hula, ƙafafunsa duk sun tsattsage, ba abin da ke hannunsa sai wata tsohuwar butar roba. Mutumin da in ya doso majalisa ake tashi a kan tabarma.

A gidana ya zauna. Wanda ya san al'adarmu ya san nauyin wannan magana. Suruki ba ya kwana gidan mijin 'yarsa sai dole, balle ya ci tuwonsa safe da yamma har watanni su yi ta juyawa. Na bar masa ɗakin waje, na riƙa shiga ta ƙofar baya don kada mu riƙa haɗa ido. Abinci kuwa sai ya tsakura kaɗan ya ture kwano, ya ce ya ƙoshi, alhali kowa na ganin wuyan rigarsa na ƙara faɗi. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Magana ɗaya ce dai ba ta barin bakinsa, yana faɗa wa 'yarsa, yana faɗa wa baƙi, wani lokaci yana faɗa wa butarsa in zai yi alwala.

"Da ƙafa na fito. Ba zan koma da ƙafa ba."

Nufinsa shi ne ranar komawa ya shiga garinsu a gaban motarsa, da lodin kwanon rufi a baya, kowa ya gani ya san bai ƙare ba. Wannan buri ban taɓa raina shi ba. Mutumin da aka raba da komai, in ya riƙe abu ɗaya yana numfashi da shi, ba ka da hurumin yi masa dariya. Abin da na raina, kuma nake rainawa har yau, shi ne tarkacen da mutane suka rataya wa burin nan.

Da sojoji suka ƙwato garuruwan, aka fara komawa kaɗan-kaɗan. Lokacin bazara ne, irin zafin Yola da kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi, kuma dole a rufe gida kafin ruwan farko. Ni abin da ke raina birki ne da tayoyi, na kuwa samu aka gyara su. Amma surukina yana da majalisa a gindin wata dalbejiya a bakin layinmu, rabi 'yan garinsu da gudu ya kawo, rabi zauna-gari-banzan Jambutu da ke bin inuwa duk inda ta juya. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Su suka ce masa motar ta koɗe, in ya shiga gari da ita a haka za a ce tsinto ta ya yi. Sai an yi mata fenti, irin wanda in ta tunkaro tun daga nesa za a san mai ita ya dawo.

Aka kai ta gareji wurin wani mai fenti, siririn mutum mai yawan fito, wanda ya ɗauki kansa kamar shi ya ƙirƙiri launin kore. Jikin mota dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zana furanni da tsuntsaye, ya rubuta addu'a a goshinta. Da ya tsaya nan da babu labari. Sai ya sa aka ɗaga motar a kan kututture aka cire tayoyin duka, ya shimfiɗa rim-rim ɗin, wato ƙarafan da taya ke zama a kansu, a ƙasa, ya bi su da jan fenti ciki da waje. Ya bari ya sha iska ya sake zubawa, ya kuma sake, har ya yi kauri kamar an shafa man gyaɗa a biredi. Bai bar ko fuskar durom ɗin birki ba, wurin da rim ke kwanciya, wurin da in an ɗaura taya ba idon da zai sake ganinsa.

Kafin in fara ja wa surukina mota na yi aiki a wani kamfanin gina hanya, kuma a can aka koya mana abin da bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba. Inda rim ya haɗu da durom, da inda rim biyu na baya suka haɗu da juna, ƙarfe ne zai taɓa ƙarfe. Ba tsatsa, ba ƙasa, ba fenti mai kauri. In ka bar fenti a tsakani, noti zai ɗauru a kansa tsam, ka tafi kana murna. Da birki ya ɗau zafi, fentin ya yi laushi, nauyin kaya ya matse shi ya fice, sai a sami ɗan sarari. Sararin bai kai kaurin farce ba, amma ya ishi rim ya fara wasa, rim kuwa in ya fara wasa ba ya dainawa sai ya ci ƙusoshin da ke riƙe da shi.

Na ce wa mai fenti ya kawo sanfefa mu kankare wuraren nan kawai, sauran ya bar abinsa.

Ya daina fito ya dube ni, ya kira ni Hamma, wato yaya da Fulatanci. "Hamma, aikina ne ka ce a kankare? Tsatsa zai cinye shi fa. Kai dai ka ja mota, ka bar ma masu fenti fenti."

Surukina na zaune a benci yana ji. Ni kuma ba zan tsaya ina jayayya a gabansa kamar ni sa'ansa ne ba. Da na koma gida sai na bi hanyar da surukai ke bi, na gaya wa matata ta gaya masa. Ta kai masa shayi, ta daɗe, ta dawo tana kallon ƙasa. Ya ce a gaya mini direba ya san tuƙi, mai fenti ya san fenti, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Sai ranar ɗaura tayoyi, wadda ta kawo mu ga mai faci. Ƙato ne, mai tumbi kamar randa, kuma tumbin nan shi ne duk takardar shaidarsa. Shekara da shekaru, in za a ɗaure notin babbar mota a layin nan shi ake kira. A sa sifana, a zura mata dogon bututun ƙarfe, ya dafa jikin mota ya hau kan bututun ya yi ta tsalle, jama'a na ihu, har noti ya yi ƙara. In ƙusa ta tsinke sai a ce ƙarfen yanzu ba shi da kyau, ba wanda ya taɓa zargin tumbin. To a shekarar nan sai ya sami ci gaba. Ya sayo injin ɗaure noti mai aiki da iska, wanda 'yan gareji ke kira bindiga, da kwampreso da wani tsohon janareta mai tari. Yau kowane gareji daga Jambutu har hanyar Numan yana da irinta, ba wanda ke waiwayawa. A lokacin kuwa tasa ce kaɗai a layin, kuma gari cike yake da mutanen da suka san ƙarar harbi a jikinsu. In ya danna ta, ta-ta-ta-ta, sai ka ga matan da ke sayar da gyaɗa sun watsar da faranti sun ruga. Shi kuma dariya yake yi, wai ai talla ce.

Surukina bai taɓa jin ta ba. Yana zaune a bencinsa da carbi, 'yan majalisa na gefensa, mai faci ya danna ta a kan notin farko. Kafin in juya, dattijon nan yana ƙarƙashin benci, kwance rub da ciki, hannuwansa a kan ƙeya, hularsa na gangarawa cikin baƙin mai. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji a lokacin ba, kuma na kau da kai don kada ya ga na gani.

Ya tashi a hankali, ya kakkaɓe riga, ya ɗauki hular ya sa da maiƙonta. Sai ya tako har inda mai faci ke tsugune, ya tsaya dab da bindigar, kusa fiye da yadda kowa ke tsayawa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Haka ake aiki. Ƙara masa!"

Daga nan magana ta ƙare. Duk wanda ya kushe bindigar nan, tuna masa da ƙarƙashin benci ya yi. 'Yan majalisa suka ɗauka, ƙara masa, ƙara masa, mai faci kuwa kansa ya kumbura ya kusa kai tumbinsa.

Na tsaya ina kallon ta'asa. Noti, da hannu ake fara ɗaura shi, ka ji ya hau zarensa lafiya. Shi kuwa sai ya cusa noti a bakin bindiga ya tura, ya hau daidai ko ya hau a karkace, oho. Ana ɗaurewa ne ɗaya nan, ɗaya a can ɗaya gefen da ke fuskantarsa, a yi ta tsallakawa, kaɗan-kaɗan, don rim ya kwanta daidai. Shi kuwa bi yake a jere kamar mai raba goro, ya ɗaure na farko har ƙarshe kafin ya taɓa na biyu. Bindiga amfaninta ta kawo maka noti kusa ta huta, a ƙarasa da hannu. Ina da sifana mai awo da na saya a gwanjo tun ina kamfani, irin wadda ake saita ta, in noti ya kai inda ya kamata sai ta yi ƙas, ka tsaya. Na ɗauko ta daga bayan kujera na ce a bari in bi bayansa da ita.

Mai faci ya karɓa ya jujjuya ta, ya nuna wa jama'a. "Ku ga sifanan mata! Wai shi ne zai gaya mini noti ya ɗauru. Hamma, ka kai ma madam ya ɗaure keken ɗinki da shi."

Aka bushe da dariya, har da waɗanda ba su san gaban sifana da bayanta ba. Banza ta sami wofi.

Abin da ba wanda ya kula da shi sai ni shi ne janareta. Tun ana tsakiyar aiki ya fara shaƙewa, iska ta ragu a kwampreso. Tayoyin farko sun sha duka har na ji tsoron ƙusoshinsu sun miƙe. Na baya ta hagu su ne na ƙarshe, kuma kafin a kai gare su bindigar ta koma tusa, ƙara kawai take yi ba ƙarfi. Amma ƙara ita ce ma'aunin mutanen nan. Mai faci ya tashi ya daki tayar da ƙafa, wanda shi ne gwajin ƙarshe a jami'arsu.

"Bappa Alhaji, e don tight, ya ɗauru tsam. Har Maiduguri ka je ka dawo, ba zai motsa ba."

Sai ga mai fenti da ɗan ƙaramin buroshi da gwangwanin farin fenti. Ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya yana fito, ya mai da su fari fat a kan jan rim. In faɗi gaskiya, sun yi kyau. Surukina ya zagaya motar, hannuwa a baya, fuskarsa ta saki irin sakin da ban gani ba tun zuwansa. Ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, kada kowa ya sake ɗora ƙarfe a kan notocin nan.

Na gaya wa matata ba zan ja motar ba. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba.

"In ba ka kai shi ba wani zai kai shi," in ji ta. "Cikin 'yan majalisar nan akwai mai cewa ya iya tuƙi. Zai taka wuta don a yaba masa. Baban yara, ka kai mini ubana. Ka tafi a hankali."

Abin da na iya shi ne na ce ba mace ba yaro a motar, su biyo daga baya, kuma aka yarda.

Muka tashi da hantsi, kwano da siminti da katako a baya, ni da shi kaɗai a gaba. 'Yan majalisa suka raka mu har bakin titi suna ɗaga hannu, kowa na jin da shi aka yi. Muka haye gadar Binuwai, ruwa ya janye sai yashi da masu wanki. Kowane direban kirki ya san in an ɗaura taya sabuwa, ana ɗan yin tafiya a tsaya a sake bin notoci, ko da ba fenti, ko da mala'ika ne ya ɗaure. Da muka kai Sangere, wajen gidajen ɗaliban jami'a, sai na gangara gefe na ce zan kama ruwa. Na zaro sifanata a ɓoye na zagaya ta hagu.

Na ɗora ta a kan noti ɗaya na baya. Ban ma jingina da ƙarfi ba ya juya, sumul, kamar murfin kwalba. Bakin sifana kuma ya kwashe farin fentin, ya bar ƙarfe baƙi a kusurwoyin notin. Na matsa kan na biyu ke nan na ga inuwarsa a kaina.

"Baba," na ce, ina tsugune, "ka duba, da hannu ɗaya yake juyawa. Ka ba ni ɗan lokaci kaɗan in bi su. In mun isa ni zan sake shafa fentin da kaina."

Bai dubi yadda notin ke juyawa ba. Ƙwarzanen yake kallo. Akwai ɗalibai a wurin mai shayi, da masu jiran mota, duk sun juyo. Ya miƙo hannu, na ba shi sifanar, don ban san yadda ake hana suruki abin da ya miƙo wa hannu ba.

"Tuwon gidanka na ci," ya ce. "Na ci, na gode. Amma motan nan nawa ne. Shi kaɗai ya rage da zan ce a yi, a yi."

Na ji kamar ya mare ni, kuma na ji haushinsa, haushi sosai. Ban taɓa yi masa gorin tuwo ba, ko a zuciyata. Amma na gane a lokacin cewa shi ya daɗe yana yi wa kansa. Ya hau mota ya sa sifanar a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya taka ta da takalmi, muka ci gaba.

Daga Song zuwa gaba hanya ta zama ta sojoji. Shinge bayan shinge, a sauka, a ɗaga hannu, a ɗaga riga, a wuce. A kowane shinge gargaɗin ɗaya ne, kada a tsaya a tsakani. Mota a tsaye a daji da mutum tsugune a gindinta, a kwanakin nan, ba tambaya ake fara yi masa ba. Na riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ƙananan motoci na wuce mu suna zagi. Rana ta take, gangara ta yi yawa, dole in taɓa birki, kuma na san duk taɓawa ɗaya durom na ƙara zafi. A wani shinge bayan Gombi, da na sauka hannu a sama, na bi ta hagu da gangan. Jan fentin ya tsattsafo ta tsakanin rim biyun ya daskare, kuma kowane farin noti ya yi zobe a gindinsa inda fenti ya tsage.

Da muka hau na ce, "Baba, tayar baya tana magana. A nan gaban sojoji za a iya ɗaurewa, ba wanda zai hana."

"Saura kaɗan," ya ce, yana kallon gaba. Ƙafarsa na kan sifanar.

Bayan shinge na ƙarshe ya buɗe jaka ya zaro babbar riga fara, sabuwa, da 'yarsa ta ɗinka masa. Ya sa ta a zaune, yana bugun rufin mota da gwiwar hannu. Ya canja hula, ya shafa turare har a gemu. Ashe ya riga ya aika cewa yana tafe, kuma waɗanda suka riga shi komawa za su tarye shi a bakin gari. Ya fara nuna mini wurare kamar ban san hanyar ba, ga gonar wane, ga inda ake cin kasuwar shanu, muryarsa ta koma ta yaro. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga garin a ƙasa, gidaje ba rufi, bango baƙi. A bakin hanya, wajen wani gidan mai da aka ƙone, ga mutane a tsaye a inuwa suna dubanmu.

"Danna oda," ya ce. "Su ji."

Ban kai ga dannawa ba. Abin ya fara da bugu a baya, ƙwan-ƙwan-ƙwan, sitiyari ya yi rawa a hannuna. Na saki mai, na taɓa birki a hankali ina salati. Sai motar ta yi wata irin ajiyar zuciya ta zauna a kan ɗuwawunta na hagu. Ta madubi na ga kwanon rufi na zamewa, bandir bayan bandir, yana zuba a kwalta da ƙarar da ta cika kwarin nan gaba ɗaya. Mutanen da ke jiranmu duk suka zube a ƙasa, kowa hannu a ƙeya. Ɗaya daga cikin tayoyin kuwa ta wuce mu ta gefen taga, ja jawur, tana tsalle, ta gangara ita kaɗai har kusa da gidan man, ta faɗa kwalbati ta kwanta.

Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya tsare. Na sauka na duba. Ƙusoshin sun guntule, ramukan rim sun zama kamar ƙwai, durom ya tona kwalta. Ba abin da jak ko sifana za su yi a nan, sai an aiko da kaya daga Jimeta. Babur kuma an hana hawa a yankin, ba wata mota a bayanmu. Duk zagin da na tara wa mai faci da mai fenti da 'yan gindin dalbejiya ya zo bakina, amma ba ko ɗayansu a wurin. Suna can Jambutu a inuwa, wataƙila suna ba da labarin yadda suka gyara wa Alhaji mota.

Surukina ya sauko da ƙyar, don ƙofarsa ta yi sama. Ya zagayo ya tsaya yana kallon inda tayoyin suke a da. Sai ya sunkuya ya tsinci wani abu a bakin kwalta. Noti ne, da guntun ƙusa a cikinsa, fari fat, ko ƙwarzane babu. Ya goge shi da babban yatsa, ya daɗe yana kallo, ya sa a aljihun sabuwar rigarsa.

"Baba," na ce, "ka zauna a inuwa. Wata mota za ta zo, ko ta sojoji ce, in roƙe su su ƙarasa da kai."

Ya girgiza kai. A can ƙasa mutane sun fara tashi suna kakkaɓe jiki, sun gane motar, sun gane mai farar rigar. Ya leƙa cikin mota ya ɗauko butarsa, tsohuwar nan ta roba, ya fara gangarawa. Na bar motar a buɗe na bi bayansa, ba kusa ba, yadda ya kamata. Rigar na jan ƙasa, bai tattare ta ba. Raini da haushi duk suka fice mini, sai hawaye, na bar su suna zuba tunda ba ya waiwaye.

Wadda ta fara isowa gare shi wata tsohuwa ce, maƙwabciyarsa, da sanda da zane ɗaya. Ita ma ta sha gudun nan, ta kuma dawo. Ba ta kalli motar ba, ba na jin idonta ma na kaiwa can. Ta kama hannunsa da nata biyu tana murna, tana sa masa albarka, sannan ta dube shi daga hula har takalmi.

"Sannu da hanya, Alhaji. Kai ma da ƙafa?"

Sai ya mai da butar ɗaya hannun.

"Ni ma," ya ce.